Kanwa ta kar tsami, amma ba a maƙogwaron yaro ba

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta yi shekara fiye da talatin tana suyar masa a Sabo ta Ibadan, kuma ni ce 'yar aikenta a duk hutun makaranta. Da asuba za ta buɗe ƙullun da ya kwana, ta lakato ta ɗanɗana. Idan ta ji tsamin ya yi yawa sai ta ce, "Ke, miƙo min ruwan kanwar nan." Ta tsiyaya kaɗan, ta juya da ludayi, ƙullun ya taso da 'yan ƙananan kumfa, ta sake ɗanɗanawa ta gyaɗa kai. Ban taɓa ganin ta auna ba, ban kuma taɓa jin mai saye ya dawo da masarta ba.

Shekaru bayan haka, a ajin farko na jami'a, malaminmu na ilmin sinadarai ya rubuta a allo cewa idan asid ya haɗu da alkali, kowanne yana karya ƙarfin ɗan'uwansa, a samu gishiri da ruwa. Ina kwafa ina murmushi, domin Bahaushe ya riga shi faɗa: kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Na daɗe ina alfahari da wannan karin maganar. Sai a bara, a tsakar gidan da muke haya a Agege, na ga yadda saura ƙiris ta ƙara wa wani yaro ɗan shekara uku wahala a kan wahala. Kafin in ba ku labarin, masu karatu, ku yi haƙuri mu ɗan leƙa aji, ba za mu daɗe ba.

Yawancin abubuwan da ke cikin gidajenmu, daga madafa zuwa banɗaki, suna cikin ɗayan dangi biyu. Akwai dangin tsami, su ake kira asid: lemon tsami, tsamiya, ruwan khal, nono, yakuwa, ruwan da cikinmu ke fitarwa don narka abinci, har zuwa ruwan batirin mota. Akwai kuma dangin kanwa, su ne alkali: kanwa, ruwan toka, bekin soda, sabulu, bilic na wanki, da sodar da ake haɗa sabulu da ita. Wannan alkalin ba ruwansa da alƙalin kotu. Kalmar daga Larabci ta fito, kuma asalin ma'anarta tokar tsiro, irin dai tokar da iyayenmu ke tacewa su zuba a miya. Dangin farko harshe ne ke gane su da tsami, na biyun kuwa suna da ɗaci-ɗaci, suna kuma da santsi a hannu. Kumfar nan ta ƙullun kakata iska ce da ke fita idan tsami ya taɓa kanwa, ita ce dai ke kumbura cincin da kek idan an sa bekin soda.

To amma 'yan dangi ɗaya ba ƙarfinsu ɗaya ba. A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda har yau da shi ake aiki, daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana tsakiya, a kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 asid ne, wanda ya haura alkali ne. Madara tana ƙasa da 7 kaɗan, tumatir wajen 4, lemon tsami wajen 2, ruwan cikinmu tsakanin 1.5 da 3.5, ruwan batir kuwa bai kai 1 ba. A ɗaya ɓangaren, jinin ɗan'adam yana tsakanin 7.35 da 7.45, bekin soda wajen 8, ruwan kanwa wajen 10, bilic daga 11 zuwa 13, sodar sabulu 13 zuwa 14. Abin lura shi ne kowane taki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Saboda haka tsakanin kanwar kakata da sodar sabulu ba taki uku ko huɗu ba ne kamar yadda ido ke gani, ninki dubu ne zuwa dubu goma. A nan kam ba duk kanwar ja ba ce.

Idan kuna son yara su ga wannan da idonsu, ga zoɓo nan. A jiƙa shi ba sukari, a raba kofi uku. A matsa lemon tsami a ɗaya, za a ga ya yi jawur. A zuba ruwan kanwa a na biyu, jan zai dushe ya koma duhu-duhu, idan an ƙara ya juya zuwa kore-kore. Na uku a bar shi don kwatantawa. Launin zoɓo na sauyawa da ƙarfin tsami, aikin da takardar gwaji ke yi mana a ɗakin bincike ke nan. Ni da 'yata mun ɓata zoɓo ba kaɗan ba a kan wannan wasa.

Yanzu mu koma Agege. Maƙwabciyata, Maman Abba, ta koyi haɗa sabulun ruwa a wani horon sana'a da aka yi wa mata, tana sayar wa masu abinci da masu wankin mota. Sana'a ce mai rufin asiri, kuma mata da yawa a unguwarmu da ita suke taimaka wa gida. Duk mai yin ta ta san ana jiƙa kostik soda tun daren jiya, ta kwana ta huce kafin a haɗa. Idan ta narke, ba ta da launi, ba ta da wari, ruwa ne garau kamar na sha. Ranar ta jiƙa ta yi yawa, sai ta juye ragowar a wata robar ruwan sha da ta samu a kusa, ta tura ƙarƙashin benci da niyyar ɗaukewa bayan magariba. An ɗauke wuta, ana zafi, Abba ya shigo daga wasa da ƙishirwa.

Ina sallame salla na ji ana dukan ƙofa. "Anti! Anti ki fito, Abba ya sha soda!"

Na tarar da shi a cinyar kakarsa, Hajiya, uwar mijinta. Leɓɓansa sun fara kumbura, yawu na dalala, yana kuka muryar na shaƙewa. Wata yarinya ta yanka lemon tsami tana matsawa a kofi, wata maƙwabciyar kuma ta taho da kwalbar manja a guje. Kowa na son taimako, kowa na magana.

Na ce, "Hajiya, don girman Allah kada a ba shi."

Ta ɗago ta dube ni. "Haba 'yar nan, ke da kika yi karatun magani? Soda ai 'yar'uwar kanwa ce. Tsami ne maganinta."

Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba. Soda 'yar'uwar kanwa ce, tsami kuma yana karya ta. Da a takardar jarrabawa ta rubuta haka, da ta ci makinta. Ba ni da lokacin bayani, ga shi ba a yi wa babba gardama a gaban surukarta. Sai na durƙusa na riƙe kofin na ce, "Hajiya, ki yarda da ni yau kaɗai, gobe ni da kaina zan zo in yi miki bayani." Ta yi shiru, ta saki kofin. Muka cire masa rigar da sodar ta jiƙa, muka wanke masa leɓe da haɓa da ƙirji da ruwa mai yawa, na ɗauki robar da ragowar sodar, muka tari Keke Napep zuwa asibiti. Ba mu ba shi komai ya sha ba.

Bayanin da na yi wa Hajiya daga baya shi ne zan maimaita muku. Haɗuwar asid da alkali tana fitar da zafi. A ƙullun masa ba a jin sa, don tsamin da kanwar duka masu rauni ne, ga kuma roba guda ta ƙullu da ke shanye shi. Idan ɗayansu mai ƙarfi ne irin soda, zafin na gaske ne, kuma a kan naman da ya riga ya ƙone zai sauka. Sannan soda ba ta jira. Cikin 'yan daƙiƙoƙi take yin ɓarnarta, kafin a yanka lemo ta gama abin da za ta yi a inda ta taɓa. Abin da lemon zai tarar ɗanyen ciwo ne, kuma duk wanda ya taɓa matsa lemo da yanka a yatsa ya san sauran. Kakata tana zubawa tana ɗanɗanawa har ta ji ya daidaita. Wa zai ɗanɗana maƙogwaron yaro ya ce ya isa haka?

Mafi muni shi ne amai. Ɗura wa yaron da ke kuka lemo, ko manja, ko ruwan gishiri, ko sa masa yatsa a baki, duk hanyar amai ce. Sodar da ta ƙona hanyar abinci a saukarta za ta sake ƙona ta a hawowarta, kuma tana iya sarƙe shi ta faɗa huhu. Manja, wanda a nan Kudu an mayar da shi maganin kowace guba har mu ma muka ɗauka, ba ya kashe soda ko kaɗan. Idan ya shiga huhu ciwo ne na daban, idan ya shafe hanyar abinci kuma yana wahalar da likita wajen ganin girman ƙunar.

Yadda soda ke cin nama ma abin sani ne, musamman ga masu sana'ar. Aikinta shi ne ta kama mai ta mayar da shi sabulu. Jikinmu kuwa akwai mai a cikinsa. Santsin nan da mai haɗa sabulu ke ji idan ruwan soda ya taɓa mata yatsa, man fatarta ne ya fara zama sabulu. Asid mai ƙarfi yakan daskarar da saman nama ya yi ɓawo, ɓawon ya ɗan rage masa shiga. Soda narkar da naman take yi, tana narkarwa tana nutsawa ciki. Shi ya sa ƙunarta takan fi yadda ido ke gani zurfi. Wani yaron ma za a buɗe bakinsa a ga ba komai, alhali can ƙasa hanyar abincin ta ƙone. Kada lafiyar baki ta sa a ce a bari zuwa safe.

Abba ya kwana biyar a asibiti. Washegari aka zura masa siririyar na'ura mai kyamara ta baki, aka ga ƙuna a hanyar abinci, amma Allah Ya taƙaita ba ta huda ba, da alama ya tofar da mafi yawa. Aka sallamo shi, kowa ya yi hamdala, aka ɗauka an gama. Likita ya riga ya gargaɗi iyayen cewa a sa ido, domin ƙuna idan tana warkewa tabo take yi, tabo kuma tsukewa yake yi. Haka kuwa aka yi. Bayan kamar mako biyar ya fara dawo da tuwo, sannan shinkafa, har ya zama sai kunu da shayi ke wucewa. Yaro ya rame a kan idonmu. Sau huɗu ana sa shi barci ana buɗa masa hanyar da na'ura. Jarin sabulun gaba ɗaya can ya tafi, har da bashi. Ruwan da ya jawo wannan duka bai cika cokali biyu ba.

Saboda haka idan tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, ko soda ce, ko ruwan batir, ko ruwan wanke masai, abin yi kaɗan ne. A cire tufafin da abin ya jiƙa. Inda ya taɓa fata ko ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, aƙalla minti 20, ido a buɗe shi ruwan ya shiga, kada a gaji. Idan yaron ya isa kurkure baki ya tofar, ya yi. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A ɗauki mazubin abin da ya sha a tafi babban asibiti kai tsaye. Ina faɗin wannan a matsayina na mai tsaron kantin magani: kada a ɓata lokaci a biyo ta wurinmu, babu abin da ke kan kantata da zai yi wa wannan yaron amfani.

Masu sana'ar kuma, safar hannu da tabarau ba ƙawa ba ne. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, don zafin da take yi na iya sa ta fantsamo fuska. Ba a jiƙa ta a tukunyar alminiyom, tana cin ƙarfen tana fitar da iska mai kama wuta. Sama da komai, kada ta taɓa shiga robar ruwa ko kwalbar lemo, ko na minti biyar ne. Yaro ba ya karanta rubutu, siffar kwalba yake ganewa.

Kada ku ɗauka ina wannan maganar ne daga kan kujerar wadda ba ta kuskure. Ana jibi Babbar Sallah, shekara uku da suka wuce, ina sauri baƙi za su zo, na zuba ruwan wanke masai a banɗaki, na ga bai yi min fari yadda nake so ba, sai na ƙara da bilic, na ja ƙofa na fara gogewa. Ban yi minti ɗaya ba idona ya fara zubar da ruwa, maƙogwaro ya riƙe, tari ya sarƙe ni. Da rarrafe na fito. Ni da na zauna jarrabawa a kan wannan haɗin, na kuma ci.

Abin da ya faru shi ne yawancin ruwan wanke masai asid ne mai ƙarfi, don shi ke cinye dattin da ya daskare. Bilic kuma alkali ne, amma yana ɗauke da sinadarin kilorin a ɗaure. Da asid ya taɓa shi sai ɗaurin ya kwance, kilorin ya tashi a matsayin iska. Wannan iskar ce sojojin Jamus suka saki a fagen yaƙi a Beljiyam a watan Afrilun 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A banɗaki ba ta kai wannan yawan ba, amma banɗakunan gidajen hayarmu ƙanana ne, wasu ko taga babu. Ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya, daidai inda mai durƙuso take da inda yaro mai rarrafe yake. Mai asma kuwa kaɗan ta ishe shi. Ruwan khal da lemon tsami ma haka suke yi da bilic, duk da ana yawan ba da shawarar haɗa su wai don tayil ya yi ƙyalli. Fitsari shi ma yana tayar da wata iskar mai yaji idan ya haɗu da shi, don haka a fara ɗauraye fo na yara da ruwa kafin a sa bilic. Ni dai tun ranar dokata ɗaya ce: bilic da ruwa kawai yake haɗuwa, ƙofa kuma a buɗe. Wanda ya shaƙa ya fita iska nan take, idan tari ko nauyin ƙirji bai lafa ba a tafi asibiti.

Ƙwannafin da ke cikin karin maganar fa? Nan kam gaskiya ne, ruwan kanwa na kwantar da shi, gyatsar da ke biyo baya kuma kumfar ƙullun kakata ce ke fitowa. Magungunan ƙwannafi da muke sayarwa ma alkali ne marasa ƙarfi, sai dai su an auna su. Kanwa ba a auna ta, kuma cike take da sodiyam, sinadarin nan na gishiri da ake hana mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko ƙoda. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka sa yawan shan kunun kanwa cikin abubuwan da suke zargi. 'Yar kaɗan a miyar kuɓewa ko ɗanwake ba ita nake nufi ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne maigidan da kullum dare sai ya jiƙa ya sha, wata da watanni, yana rufe bakin gyambon ciki da ya kamata a ce likita ya gani tuntuni.

Na cika alkawarin da na yi wa Hajiya, ko da yake sai da aka sallamo Abba. Na je da zoɓo da kanwa da lemo, na yi mata wasan kofi uku, sannan na yi mata bayanin zafi da amai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah Ya sa mu dace. Mu dai abin da muka gada ke nan." Na ce mata abin da suka gada daidai ne, sodar ce ba su gada ba. Ta yi dariya, ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba.

Maman Abba ta koma sana'arta bayan wata shida, da jarin da 'yan adashinsu suka haɗa mata. Yanzu a bokiti mai murfi take jiƙa soda, a cikin ɗan ɗakin ajiya da mijinta ya sa wa kwaɗo, makullin a ɗaure a bakin zanenta. Abba har yanzu yana zuwa asibiti a duba shi. Shekaranjiya na gan shi a ƙofar gida da masa a hannu, yana gutsura kaɗan-kaɗan, yana taunawa sosai, yana korawa da ruwa, kamar yadda likita ya koya wa uwarsa.